Ka Shuka Agwaluma, Ka Bar Ceri na Turai

Idan ka shiga Kasuwar Ose Okwodu da ke bakin Kogin Neja a Onitsha tsakanin watan Disamba da Afrilu, za ka ga kwanduna cike da agwaluma. Igbo suna kiranta udara, Yarbawa suna cewa agbalumo, masu jin Turanci kuwa sukan ce mata ceri. Wannan suna na ƙarshe yana ruɗa mutane, domin ceri na ainihi itace ne dabam. A ganina, duk mai ɗan fili a gida agwaluma ya kamata ya shuka.

Dalili na farko shi ne yanayi. Ceri na Turai ba ya yin fure sosai sai ya sha sanyi mai tsanani na ɗaruruwan sa'o'i. Shi ya sa Turkiyya, mai sanyin hunturu, ta fi kowace ƙasa noman sa. Onitsha ba ta da irin wannan sanyi, ko da a lokacin hunturu. Wanda ya dasa shi a nan zai yi asarar kuɗi da shekaru. Agwaluma kuwa 'yar gida ce, ta saba da zafi da ruwan saman kudu.

Dalili na biyu shi ne gado. A ƙauyukan Igbo da dama, ba a tsinkar udara, sai a jira ta faɗo da kanta, yara su tsinta da sassafe. Tsofaffin itatuwan nan suna raguwa saboda sara da gine-gine, masu dasa sababbi kuma ba su da yawa.

Wani zai ce maka agwaluma tana daɗewa ba ta yi 'ya'ya ba, kuma tana girma ƙwarai. Gaskiya ne, amma akwai magani. Nemi dashe mai aure daga masu renon itatuwa, domin ya fi saurin haihuwa, kuma bai cika tsawo ba. Idan ƙwallo za ka shuka, zaɓi na itacen da ka san 'ya'yansa da zaƙi, ka shuka shi tun bai bushe ba.

Ka yi dashe a farkon damina, nesa da bango da rijiya. Haƙa rami mai faɗi, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Kewaye shi da shinge saboda awaki, ka riƙa ba shi ruwa da rani. In filinku ƙarami ne, gwaba ko lemo sun fi dacewa.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Kai da kake makaranta yanzu, lokaci yana hannunka. Itacen da ka dasa bana, ƙannenka za su ci 'ya'yansa, jikokinka kuma su zauna a inuwarsa.