Jama'ar Babban Giji, Mu Fita Mu Ga Tsuntsayen Ciyawa Tun Suna Nan

Jama'ar Babban Giji, da maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku, kira nake yi a kan wasu bayin Allah da ba su da bakin kai ƙara, waɗanda muke tasa ƙeyarsu daga mazauninsu fuloti bayan fuloti, alhali ko kamanninsu yawancinmu ba mu sani ba. Ƙananan tsuntsayen ciyawa nake nufi, masu kiwo a ƙasa, masu saƙa sheƙa a gindin ƙyasuwa da gamba, masu tashi sama da sanyin safiya su yi ta rera kuka a kan gonaki.

Ku tambayi duk dattijon da aka haifa a wannan yanki, zai nuna muku inda gonakin gero da dawa da gyaɗa suke a da, inda yau layuka ne da shaguna. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Tarauni sun haura dubu 220, kuma kowa ya san yadda muka ƙaru tun daga lokacin. Kurciya da gwara da hankaka sun iya zama da mu, domin bishiya ɗaya ko ƙarƙashin kwano ya ishe su. Tsuntsun ciyawa kuwa ba shi da wannan dabara. Ranar da aka sauke yashi da bulo a fili, ranar zamansa ya ƙare a wurin. Sai ya matsa bayan Na'ibawa, ko Mariri, ko hanyar Kumbotso, can ma awon fuloti ya bi shi. Ba na cewa kada a gina gida, kowa yana son inda zai sa iyalinsa. Abin da ke damuna shi ne muna rasa su ba mu gan su ba, ba mu ɗauki hotonsu ba, ba mu rubuta komai ba, har ta kai jikokinmu ba za su san an yi asara ba.

Wani babban dangi a cikinsu shi ne wanda masana ke kira lak. Akwai kusan iri 100 a duniya, kuma mafi yawansu a Afirka suke, wato mu ne masu su. Ba su da ado, launinsu launin ƙasar da suke takawa ne, shi ya sa mutum zai wuce su sau da yawa bai lura ba. Amma tsaya ka duba. Akwai mai tukku, wanda za ka gani a kan turbar gona ko gefen titi mai ƙura: yana tafiya da gudu-gudu maimakon tsalle, ya tsaya cak, ya miƙe tsinin gashin kansa, ya caki ƙasa, ya sake zurawa. Idan rana ta ɗaga sai ya sami gari mai laushi ya kwanta ya yi birgima yana watsa ƙura cikin gashinsa, wankansa ke nan. Akwai wani ƙarami da ke zuwa garke-garke da rani a kan fako, namijin baƙin kai da baƙin ciki, da farin tabo a kunne, bayansa ja-ja, macen kuwa zanenta bai kai nasa fitowa ba. A dazuzzukan ciyawa na Arewa akwai wanda da fukafukai yake kiɗansa, yana can sama sai ka ji "firrr, firrr" a gajarce, ka ɗaga kai da ƙyar ka hango ɗigonsa. Duk wanda ya sami hoton ƙafar ɗayansu a kusa zai ga doguwar ƙumba a yatsan baya, irin ta mai rayuwa a ƙasa.

Ba su kaɗai ba ne a cikin ciyawar. Da damina mulufi yakan sa jar rigarsa ya hau kan karan dawa yana kumbura, zalaiɗu ya fito da dogon bindinsa yana jansa a iska, kaka na wucewa duk su biyun su koma ruwan ƙasa har ka rantse wasu tsuntsaye ne daban. Akwai wani ɗan mitsitsi da nauyinsa bai wuce giram 10 ba, wanda ke shawagi yana tsoma kai yana ɗagowa, kowace tsomawa da "zit" ɗinta, kuma da yanar gizo yake ɗinke ganyayen ciyawa ya yi ɗakinsa. Sannan ga baƙon hunturu: ɗan rawayan nan mai kaɗa jela da ke bin ƙafafun shanu a fadama yana kama ƙwari. Daga Turai yake zuwa wajen Satumba da Oktoba, ya tara kitse a gonakinmu, ya tsallake Sahara ya koma wajen Maris da Afrilu.

Wasu sun riga mu lura da wannan arziki. A 1981 R. E. Sharland, wanda ya daɗe a Kano yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa don a gane inda suke zuwa, da Roger Wilkinson, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, suka wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Shekara 40 da ɗoriya ke nan. Filaye nawa da suka zaga suke nan har yanzu? Wa zai faɗa mana abin da ya saura, in ba mu da muke zaune a kan wurin ba? Ƙofa kuwa a buɗe take. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma da 'yan sa-kai ake yin sa. An yanka ƙasar nan gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance. Mutum ya shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk tsuntsun da ya gane a manhajar BirdLasser, ya tura. Matasan Arewa sun kafa tawagarsu a cikin wannan aiki, suna shiga lunguna da ƙauyuka. Najeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900. Me zai hana a ce gidan da Babban Giji ya faɗa a ciki ya fi kowane gida a Kano yawan rahoto?

Wanda yake ganin wannan aikin marasa aikin yi ne, ya tuna da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Duk girman mulkinsa, sai da ya binciki rundunar tsuntsaye har ya gane alhudahuda ba ya nan, ya tambayi inda yake. Malamanmu suna karanta mana wannan a tafsiri kowane azumi. Mu kuwa dangi guda yana ɓacewa daga gefen unguwarmu, ba wanda ya tambaya.

Kayan aikin suna aljihunmu. Wayar da aka sayo a kasuwar Farm Centre, wadda muke ɗaukar hoton biki da suna da ita, ta isa a fara. Ga yadda ake yi. A fita da an sallame sallar asuba, domin a sa'o'i biyun farko ne suka fi kuka da kiwo, hasken ma ya fi taushi. A bi titin Zariya zuwa Tamburawa ko Kura ko gonakin ban-ruwa na Kadawa, ko a bi titin Maiduguri a wuce Mariri. Kafin nan ma a fara da abin da ke kusa: filin makaranta, kangon da ciyawa ta cinye, gefen filin idi. A bar farar shadda a gida, a sa kaya masu duhu-duhu da rufaffen takalmi saboda ƙarangiya da maciji. Rana ta kasance a bayanka. Kada ka bi tsuntsu, duk wanda ka bi zai tashi. Lura da inda yake son tsayawa, suri ne ko dutse ko tarin bulo, domin yana da wurin kukansa, kuma zai dawo. Ka tsuguna nesa kaɗan, ka yi ƙasa da wayar har ta yi daidai da idonsa, ka jira. Haƙurin nan shi ne rabin aikin. In akwai madubin hangen nesa a cikin ƙungiya, ɗora idon kyamarar waya a kan idonsa, za ka sha mamakin yadda zai jawo maka tsuntsun. In hoto ya ƙi, naɗi kukan, domin 'yan lak sun yi kama da juna ƙwarai, sau da yawa murya ce ke raba su. Kowane hoto kuma a haɗa shi da kwanan wata da sunan wuri, in babu su hoton ado ne kawai. Manhajar Merlin kyauta ce, tana taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto, amma a riƙa nuna wa wanda ya fi sani kafin a yanke hukunci.

A gaida mai gona a nemi izininsa kafin a taka masa kunya. A sanar da mai unguwa ko dagacin wurin, a tafi mutum uku ko huɗu, kada a nufi gidajen mutane ko wuraren jami'an tsaro da kyamara. Manomin da ka gaisar, shi ne zai gaya maka sunan da ake kiran tsuntsun a garinsu da watan da yake ƙwai. Ku rubuta waɗannan sunaye, ku naɗi muryar tsofaffi suna faɗarsu, domin su ma tafiya suke yi tare da masu su.

A kan sheƙa kuwa zan ja kunne da ƙarfi. Sheƙar lak ɗan rami ne a ƙasa, bai fi bakin ludayi ba, an shimfiɗe shi da busasshiyar ciyawa a inuwar tushe ɗaya, ƙwai biyu ko uku masu ɗigo-ɗigo a ciki. In ka matsa, uwar za ta tashi, ranar Kano kuwa ba ta buƙatar dogon lokaci kafin ta kashe ƙwai ko ɗan tsako. Sawun da ka bari a ciyawa hanya ce ga kare da kyanwa, hankaka kuma yana kallonka daga sama. Babu hoton da ya kai wannan tsada. In ka ci karo da sheƙa, ja da baya, kada ka yaɗa inda take. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata ƙaramar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ba da umarni a mayar mata da su. Wannan shi ne ma'auninmu, mai kyamara da mai danƙo duk ɗaya.

Maganar danƙo ta kawo ni kan yara. Yaron da ya iya laɓaɓawa har ya harbo tsuntsu ya riga ya mallaki ido da haƙurin da ake nema. Kada a tsaya a kan tsawa da ƙwace danƙo. Yayyensa su tafi da shi, su ba shi waya ya riƙe, ya ga abin da yake harbi a raye, ido cikin ido. Malaman firamare da na Islamiyya, ku ware safiya ɗaya a zango ku fita da ɗalibai, 'yan mata da maza, kowa da littafinsa da fensir. Masu kyamarori na Zoo Road, ku da kuka ƙware a kan haske da naɗar sauti, ga aiki a bakin ƙofarku: fim ɗin minti 10 da Hausa a kan mai tukku ko mulufi zai shiga gidajen da littafi ba zai shiga ba.

Manoma da masu filaye, ku ne masu babban rabo. A Ingila, dangin lak ɗin da ya fi suna a wurinsu ya ragu da fiye da rabi tun daga shekarun 1970, saboda sauyin yadda ake noma. Sai da ta kai ana biyan manoma su bar 'yan wurare ba shuka a tsakiyar gonar alkama don tsuntsun ya sami wurin sauka. Sun gane raguwar ne saboda suna da masu ƙirga shekara da shekaru. Mu ba sai mun kai can ba. A bar ciyawar iyakar gona ta tsaya, a rage feshin da bai zama dole ba, a daina cinna wa fili wuta don farautar ɓera da gafiya. Tsuntsayen nan da fara da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu, aiki suke yi wa mai gona. Masu unguwanni da shugabannin makarantu, ranku ya daɗe, kusurwa ɗaya a filin makaranta da za a hana nome ta da damina ba za ta ci ko sisi ba.

Duk shekara, Asabar ta biyu a watan Mayu da Asabar ta biyu a watan Oktoba ranakun tsuntsaye masu ƙaura ne a duniya. Ta Oktoba ta dace da mu sosai: ciyawa ba ta bushe ba, mulufi bai tuɓe ba, baƙin Turai sun fara sauka. Kowace majalisa a Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ta fitar da mutum uku, a haɗa kuɗin mota tun daren Juma'a, a yi cajin waya, a ɗauki ruwan sha da littafin rubutu, a tafi da yaro aƙalla ɗaya. Da azahar a dawo a zauna a tantance hotunan, a tura abin da aka tabbatar zuwa aikin taswira, sannan a sa ranar fita ta gaba kafin a watse.