Mizajur ko a bar ta yadda take? Magana kan ordinatocin gidajen rediyonmu



Ranar 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Ba wai ordinatar ta mutu ba ne. Tana tashi, tana buga takarda, tana sa waƙa. Abin da ya canza shi ne in anka gano wata sabuwar kafa da ɓarawo zai bi ya shiga cikinta, babu mai zuwa ya toshe, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma yana da iyaka. Tun daga nan gardama ta tashi a gidajen rediyo, da ofisoshin magajin gari, da wurin masu buga takardu bakin tasha: a yi mizajur a koma Windows 11, ko a bar abu yadda yake?

Gardamar kullum mutum biyu ne ke yin ta. Akwai yaro da ya dawo daga jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da kile a aljihu, ganinshi duk abin da ba na bana ba ne shara ne. Akwai kuma tsohon teknisiyan da ya ga mutuwar na'urori da yawa, maganarshi guda ce: abin da ke aiki kar a taɓa shi. Ni aikina magana gaban mikoro, ba gyaran ordinatar ba. Amma ranar da ta ƙi tashi, mu masu magana ake kira a waya ana tambaya ina sanarwar rasuwa da anka biya kuɗinta tun safe. Don haka ina da ta cewa.

Mu fara da tsohon, don an fi raina maganarshi, alhali yana da gaskiya mai yawa. Windows 11 ba ta hawa kowace na'ura. Tana son ƙwaƙwalwar aiki jiga 4, da wurin ajiya jiga 64, da wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in injin Intel ne, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda sunka fito wajen 2017 zuwa yau. To ku leƙa sutudiyon ƙauyukanmu ku gani. Yawancin abin da ke ciki kyauta ce ta wani puroje da ya daɗe da naɗe tabarmarshi, ko kuwa tsohuwa ce da anka sayo a Maraɗi ko Kano bayan ta gama wahala a wani ofis na Turai. Ga irin waɗannan, kalmar mizajur yaudara ce. Ainihin abin da ake ce maka shi ne ka sayi sabuwar ordinatar. Gidan rediyon da ke rayuwa da kuɗin sanarwar biki da suna da cigiyar raƙumi, wanda ma'aikatanshi da dama aikin sa-kai suke yi, a ina zai samo?

Ko na'urar ta cika sharuɗɗa, sai an sauko da fiye da jiga 5 daga intanet. Wanda ke Yamai da fibar ba zai gane nauyin wagga magana ba. Wanda ya taɓa hawa tudu a Garhanga ko Tama yana neman rezo don ya tura bokal guda, shi ya san mi ake nufi. Ga kuma wuta. Mizajur ba ta son a katse ta a tsakiya, mu kuwa mun ga yadda anka yi daga watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki har cikin 2024. Ko yanzu, in zafin Afrilu ya kama, wa zai rantse maka kuran zai tsaya awa ukku a jere? Inda babu anduler mai lafiya, fara mizajur caca ce.

Kuma kar wani ya ce tsoron ƙauyanci ne. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron na'urori na Amurka, CrowdStrike, ya tura mizajur guda mai kuskure, ordinatoci kusan miliyan 8 da rabi sunka tsaya cik a duniya. Jirage sun kasa tashi, asibitoci da bankuna sun rikice. Ba ɓarawo ya yi musu ba, gyara ne ya yi musu.

Su kansu masu rubuta lojisiyal haka suke fama. Suna da wani kayan aiki da ake kira kwampilatar, shi ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa harshen da na'ura ke ji. Kusan kowace shekara sabon zubi na fitowa, kuma duk fitowa sai sun yi irin gardamarmu: sabon ya fi gano kurakurai, wani lokaci ya fi sauri, amma yana iya ƙin aikin da tsohon ya karɓa shekara goma ba ƙorafi. Harshen Python ma, zubi na 3 ya fito a ƙarshen 2008, amma sai ranar 1 ga Janairu 2020 anka rufe na 2, don mutane sun ƙi tashi daga kanshi. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma waɗannan masana ne masu albashi. To don mi za a yi wa teknisiyanmu dariya don ya ce a dakata?

Sai dai nan ne ni da shi muke rabuwa. Maganar "kar a taɓa" tana da kyau ga na'urar da ke zaune ita kaɗai, ba ta hulɗa da kowa. Wace ordinatar ce a gidan rediyo take haka yau? Rahoton wakili daga Bangi ko Sabon Gida ta WhatsApp yake zuwa. Shirye-shiryen da ake karɓa daga Yamai, irin na Studio Kalangou da ke aiki da rediyoyin abokan hulɗa tun 2016, gidaje da dama ta intanet suke sauko da su. Mai waƙa ya zo da kile, malami ya zo da katin memuwar da wa'azi ciki, ma'aikacin lafiya ya zo da saƙon rigakafi a kilen da ya kwana a ordinatoci biyar kafin ya iso. Duk wanda ya yi aiki a sutudiyo ya san birus ɗin nan da ke ɓoye dosiye ya bar maka rakursi. Ƙofar a buɗe take dare da rana, mu ne dai ba mu kula.

A watan Mayu 2017 wani birus mai suna WannaCry ya kulle na'urori a ƙasashe sama da 100, har asibitocin gwamnatin Ingila sunka dinga mayar da marasa lafiya gida. Maganin kafar da ya bi, Microsoft ta fitar da shi tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci, yawancinsu waɗanda ba su sa gyaran ba ne. Windows 7 da har yanzu nake gani a wasu ofisoshi, tun 14 ga Janairu 2020 anka daina kula da ita. In anka kulle ordinatar banki, banki na da kwafi a wani wuri. In anka kulle tamu, abin da ke tafiya shi ne hirar da anka yi da dattijon da ya ga farkon aikin Puroje Keita a 1984, ya ba da labarin yadda mata sunka ɗauki duwatsu a ka don tare ruwa, kuma dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Wannan ba a sake ɗaukar shi.

Kuma ko ka ƙi tashi, za a tashe ka. Cikin Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Babu wanda ya tambayi mai albasa na Tunfafi ra'ayinshi. Ya wayi gari ne wayar da yake jin farashin Abidjan da ita ta ce mishi a'a. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma gaskiya wani ɓangare na ƙin mizajur ba lissafi ba ne, sabo ne kawai, hannu ya saba da inda maɓalli yake.

Abin da nake gani shi ne tambayar tun farko an yi ta ba daidai ba. Ba "sabo ko tsoho" ba ne, "wace na'ura, kuma wane aiki take yi" ne. Ordinatar da ke fitar da shiri a iska, wadda aikinta kawai ta jera sauti ta sake shi, a bar ta da abin da ta saba, ko Windows 7 ce. Amma a cire ta daga intanet gaba ɗaya, kuma a hana kowa, har diraktan, soka mata kilen waje. Wadda ke karɓar saƙonni kuwa, ita ce mai tsaron ƙofa, ita ya kamata ta kasance kan zubin da ake kula da shi. In kuɗin na'ura guda gareku, nan za ku sa shi. In babu ko wannan, akwai Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, suna hawa tsofaffin na'urori da Windows 11 ta ƙi, kuma rakursin nan na kile ba ya cin su. Wahalarsu ita ce koyo, da kuma wasu firintoci da katunan sauti da ba su jituwa da su, don haka a gwada kafin a goge komi.

Akwai wani abu da ya fi Windows cizonmu, ba a cika maganarshi ba: lojisiyal na haɗa sauti. Da yawanmu da Cool Edit munka koyi montaji. Adobe ta saye shi a 2003 ta mai da shi Audition, yau kuwa haya ake biya duk wata, da katin banki da yawancinmu ba mu da shi. Shi ya sa aka koma Audacity, wanda yake kyauta. To a watan Maris 2021 Audacity 3 ya fito da sabuwar hanyar ajiye aiki, fishiye guda mai ƙarewa da aup3. Sabon na iya buɗe aikin tsohon, amma tsohon ba ya buɗe aikin sabon. Ka ga in abokin aikinka na Buza ya yi mizajur shi kaɗai ya aiko maka da shirin da bai gama haɗawa ba, kai kana kan na 2, sai kallo. Mizajur ɗin mutum guda ta zama matsalar mutum biyar. Wanga ba laifin lojisiyal ba ne, laifin rashin shawara ne. Rediyoyin da ke musayar shirye-shirye a Madawa da Buza da Keita su zauna su tsaida zubi guda, su tsaida lokacin da za su tashi tare.

Lokacin ma abin dubawa ne. Ba a yin mizajur ana saura kwana biyu Salla, lokacin da sanarwa ta fi yawa, ko ranar kasuwa, ko tsakiyar kamfen na rigakafi. A bari sabon zubi ya yi wata biyu ko ukku a hannun wasu, su fara cin karo da kurakuranshi.

Ga masu puroje da ƙungiyoyin da ke kawo mana kayan aiki, mun gode, amma ina roƙo. Kun kawo na'ura, an yi hoto, an yi jawabi, kun tafi. Shekara huɗu bayan nan babu layi ko guda a kasafin kowa na lasisi, ko forfe na sauko da gyara, ko horon wanda zai kula. Gara ku kawo ordinatar biyu da kuɗin kula da su, da ku kawo biyar su zama wurin aje kofin shayi.

Kafin duk wannan, ko za ku yi mizajur ko ba za ku yi ba, cikin makon nan wani ya zauna ya fitar da tsofaffin hirarraki daga cikin Audacity da Cool Edit ya mai da su WAV ko MP3, don su kowace na'ura na karanta su. A sa su a diski biyu, a rubuta suna da shekara a jikin kowane. Guda ya zauna a sutudiyo, guda ya kwana a wani gida daban, nesa da ɗakin da batiran pano suke.