Ranar Da Koriya Biyu Suka Shirya, Dillalai Sun Rasa La'ada

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ɗakunan kwananmu da gindin bishiyoyin wannan jami'a, ni kuwa na gaji da jin yadda ake yin ta. Da zarar an ce Koriya ta Arewa ta harba makami mai linzami, sai mu rabu gida biyu. Masu kwana da Muryar Amurka a kunne su ce ai zuriyar Kim ce ta hana Koriya haɗewa don tsabar son mulki. Su kuwa 'yan ra'ayin gurguzu, masu tara gemu da rataya jaka, su ce ina, 'yan jari-hujja ne da 'yan korensu na Kudu. Kowane ɓangare da ubangidansa, kowa kuma ya rantse nasa ne ke son Koriyawa tsakani da Allah.

To, ni abin da na zo faɗi shi ne, a cikin manyan ƙasashen nan huɗu da suka sa Koriya a tsakiya, wato Sin da Japan da Rasha da Amurka, babu wadda ke samun barci ranar da Kudu da Arewa suka gaisa. Na san wani zai ce Amurka ba maƙwabciya ba ce a taswira. Haka ne, amma wanda ya girke soja wajen 28,500 a cikin gidanka ai ya fi maƙwabci kusa.

Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san inda dillali ke cin abinci. Muddin mai saniya da mai saye ba su haɗa ido ba, la'adarsa na nan. Ranar da suka zauna tabarma ɗaya, ya tashi a tutar babu. Haka zancen Koriya yake, kuma ba yau aka fara ba. Sin da Japan sun gwabza yaƙi a kanta a 1894, Japan da Rasha suka sake gwabzawa a 1904, Japan ta haɗiye ta ɗungurungum a 1910. Da aka ci Japan da yaƙi a 1945, Amurka da Tarayyar Sobiyat suka ja layi suka raba ƙasar biyu ba tare da sun tambayi mutum ɗaya daga cikin masu ita ba. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ma ba a rufe shi da sulhu ba, tsagaita wuta kawai aka yi, har yau ɗin nan.

Ba sai na shiga zuciyar kowa ba. Mu duba abin da ƙafafunsu suka yi. A watan Yunin 2000 shugaban Kudu, Kim Dae-jung, ya sauka Piyongyang ya rungumi Kim Jong-il, karo na farko da shugabannin ɓangarorin biyu suka haɗu. Kafin a cika mako shida Putin ya dira a garin, abin da babu wani shugaba daga Mosko da ya taɓa yi, ko a zamanin da ake kiran juna 'yan'uwa a gurguzu. A watan Oktoba sakatariyar harkokin wajen Amurka, Madeleine Albright, ta zo. Firayim ministan Japan, Koizumi, ya biyo sahu a 2002. Garin da aka ƙaurace wa kamar mai kuturta ya zama kasuwa. Ina dalili? Ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya tsorata kada a yanke ciniki ba ya wurin.

Abin da ya faru a 2018 ya ma fi wannan fitowa fili, kuma a nan nake so 'yan'uwana masu kare ƙasar Sin su buɗe kunne. Kim Jong-un ya hau mulki a ƙarshen 2011. Shekara shida cur shugaban Sin, Xi Jinping, da wanda ya gada ba su karɓe shi ko sau ɗaya ba. Xi ma ya tsallake shi ya tafi Siyol a 2014, sa'an nan a 2017 Sin ta ɗaga hannu a Majalisar Ɗinkin Duniya aka ƙara wa Arewa takunkumi. Kwatsam sai 'yan wasan Koriya biyu suka yi maci ƙarƙashin tuta ɗaya a gasar hunturu ta watan Fabrairun 2018, aka kuma amince da ganawar Kim da shugaba Moon Jae-in, da ta Kim da Trump. Kafin watan Maris ya mutu, jirgin ƙasan Kim ya shiga Bejin, an shimfiɗa masa jar darduma. Daga nan zuwa Yunin 2019 shi da Xi sun gana sau biyar. Shekara shida babu ko sallama, wata goma sha biyar gaisuwa biyar! Soyayya ce ta tsiro dare ɗaya?

Amsar tana cikin sanarwar da Kim da Moon suka sa wa hannu a Panmunjom ranar 27 ga Afrilun 2018. Sun ce za a nemi zama na ƙasashe uku ko huɗu don a rufe yaƙin. Uku, wato Koriya biyu da Amurka. Sin ce ta huɗun, wadda za a iya yi da ita, a iya yi ba ita. Ku tuna ƙasar nan ce ta tura dubban ɗaruruwan sojoji a 1950 lokacin da rundunar Amurka ta tunkaro kogin Yalu, har ɗan Mao Zedong na cikinsa ya mutu a can. Abin da ta saya da wannan jini shi ne katanga tsakaninta da sojan Amurka, katangar kuwa ita ce Koriya ta Arewa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na cinikin da Arewa ke yi da waje da Sin take yin sa, wato igiyar wuyanta na hannun Bejin. Idan jiragen ƙasa suka soma kai kawo daga Siyol, kuɗin Kudu suka malalo Arewa, igiyar ta tsinke. Idan kuwa aka haɗe gaba ɗaya bisa sharuɗɗan Kudu, ƙawar Amurka ta zo bakin ƙofa. Sin tana son a zauna lafiya a Koriya, wannan na yarda, gama ba ta son gobara a gidan maƙwabci. Amma tana so su ci gaba da zama biyu.

Kada masoya Amurka su yi saurin tafi. A watan Agustan 2018 Koriya ta Kudu ta shirya tura jirgin ƙasa Arewa don a duba lafiyar layin dogo. Rundunar da ke tsaron iyakar da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda janar ɗin Amurka ke shugabanta, ta hana shi wucewa, sai bayan watanni aka bari. A watan Oktoba ministar harkokin wajen Kudu ta ce suna tunanin sassauta nasu takunkumin na kansu, Trump ya fito gaban 'yan jarida ya ce ba sa yin komai sai da yardar Amurka. Wannan fa ƙasa ce mai 'yanci, mai tutarta, wadda ke ƙera wa duniya motoci da wayoyi. Tun a 2001 ma haka aka yi wa Kim Dae-jung: ya je Washinton da lambar yabon Nobel a hannu, George Bush ya watsa masa ruwan sanyi, bayan shekara guda ya lissafa Arewa cikin ƙasashen da ya kira na sharri. Lissafin ba wuya. Barazanar Arewa ita ce hujjar ajiye sojoji da na'urorin hango makamai a hancin ƙasar Sin. Sin ta gane haka sarai, shi ya sa da aka kafa garkuwar makamai ta THAAD a Kudu a 2017 ta huce a kan 'yan kasuwar Kudu, ta hana ayarin 'yan yawon buɗe ido zuwa, ta rufe kantunan kamfanin Lotte. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Japan tana da uzurin da ba zan raina ba: an sace mata 'yan ƙasa an kai Arewa, makamai masu linzami sun bi ta kan tsibirinta na Hokkaido sau biyu a 2017. Sai dai wanda ya ci zomo ya ci gudu. Ta mulki Koriya shekara 35 da zalunci, kuma wannan ne abu ɗaya da Kudu da Arewa ba su taɓa saɓani a kansa ba. Koriya guda mai mutum sama da miliyan 75, da masana'antun Kudu, da tsohon ciwon mulkin mallaka, ba abin da Tokiyo za ta yi wa addu'a ba ne. A bikin wasannin nan na 2018 firayim minista Abe ya matsa wa Moon kada ya ɗage atisayen soja da Amurka, Moon ya ce masa wannan maganar cikin gida ce. Rasha kuwa ita ce da alama za ta fi ƙaruwa da sulhun, don ta daɗe tana mafarkin bututun gas da layin dogo har Kudu. Amma da ta ga gaba ta fi riba, ba ta yi wata-wata ba.

Za a ce da ni na wanke zuriyar Kim. Allah ya kiyashe ni. Gidan da ya mai da ƙasa gadon kaka, ya bar talakawa suka mutu da yunwa a shekarun 1990 yana tara makamai, shi ma yana tsoron ranar da mutanensa za su ga yadda 'yan'uwansu ke rayuwa a Kudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na sani. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a zagi bangon dare da rana, ƙadangarun kuwa a naɗa su sarakunan magina.

Masu kawo misalin Jamus su ma su karanta tarihin da kyau. Da katangar Balin ta faɗi a 1989, Margaret Thatcher ta Ingila ta yi iyakar ƙoƙarinta ta rage wa haɗewar gudu, Mitterrand na Faransa ya kai ziyara Jamus ta Gabas a watan Disamba kamar ƙasar za ta daɗe. Waɗannan fa abokan Jamus ta Yamma ne na ƙut-da-ƙut, shekara arba'in suna ikirarin suna goyon bayan haɗewa. Sai da Jamus ta biya kowa la'adarsa: ta amince da iyakarta da Folan, ta ƙayyade sojanta a 370,000, ta yafe makaman ƙare dangi, ta ba Mosko kuɗin kwashe sojojinta, Amurka kuma ta samu abin da take so, wato Jamus ta zauna cikin ƙungiyar tsaro ta NATO. An dace a lokacin baitulmalin Gorbachev ya bushe, dole ya karɓi tayi. Maƙwabtan Koriya babu wanda aljihunsa ya bushe haka, kuma abin da zai gamsar da Amurka shi ne daidai abin da Sin ba za ta haɗiye ba.

Taron Trump da Kim na Hanoi ya watse a Fabrairun 2019. A Yunin 2020 Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna na garin Kaesong da nakiya, garin da kafin 2016 'yan Arewa sama da 50,000 ke aiki a masana'antun 'yan Kudu. A 2023 shugabannin Amurka da Japan da Koriya ta Kudu suka ƙulla ƙawancen tsaro a Camp David. A farkon 2024 Kim ya ce ya yi watsi da batun haɗewa, ya kira Kudu babbar abokiyar gaba, ya rushe ƙofar haɗin kai da ubansa ya gina. A watan Yunin shekarar ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Putin, kafin ta ƙare samarin Arewa suna mutuwa a yankin Kursk, a yaƙin Rasha da Yukiren. Katangar Sin na nan tsaye, sojan Amurka na nan daram. Ku gaya mini wanne daga cikin huɗun ya tashi da asara.

Mutum sama da 130,000 ne suka rubuta sunansu a Kudu tun daga 1988 suna neman a sada su da iyaye ko ƙanne ko 'ya'yan da yaƙi ya raba su da su. Fiye da kashi biyu cikin uku sun rasu suna jira. Haɗuwa ta ƙarshe an yi ta a dutsen Kumgang a watan Agustan 2018, kwana uku aka ba kowane ayari, sa'an nan aka kaɗa tsofaffin cikin motoci. A 2025 gwamnatin Kudu ta ba da sanarwar cewa Arewa ta soma rushe ginin da ake yin wannan haɗuwa a cikinsa.