Ina Gubar Take Nufa Idan Damina Ta Sauka?

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu tun a zaure cewa ruwa yana nan bisa tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba, kuma wannan hukunci ingantacce ne a babin alwala da wanka. Amma gubar dalma, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a shekarar 2010, sa'ad da ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙura tana sauka kan tabarma da akushi, ba ta bayyana wa ido ko hanci balle uwa ta tsare ɗanta. Domin kawar da gubar, an kankare ƙasar gidaje a Dareta da Yargalma, aka kai ga Bagega a 2013, alhamdu lillahi. Sai dai haƙar zinariya ba ta tsaya ba, damina kuwa tana kwasar abin da aka zubar.

Akwai ilmin da yake bin sawun irin wannan musiba tun kafin ta iso. Masana suna auna gangaren ƙasa, da zurfin rijiyoyi, da yawan ruwan sama, su duba ko yashi ne a wurin ko laka ko dutse mai tsaga, sa'an nan su ɗora lissafin bisa ƙa'idar da Bafaranshe Darcy ya fitar a 1856, kwamfuta ta nuna inda guba za ta kai bayan shekara biyar ko goma. Dalma takan manne wa laka, ta bi ambaliya zuwa kududdufi da fadama, alhali ƙazantar shadda da ragowar takin zamani sukan nutse har su tarar da rijiya, musamman a ƙasa mai duwatsu irin ta Tsafe, inda ruwa yake bin tsaga ba tare da ya tacu ba.

Gulbin da dam ɗin Gusau ya tare shi ne yake wucewa Bungudu ya nufi Bakolori, saboda haka abin da mutumin birni ya zuba, manomin fadama ne zai sha shi. Muna roƙon gwamnatin jiha da Jami'ar Tarayya ta Gusau su haɗa hannu a auna rijiyoyin waɗannan yankuna rani da damina, a zana taswirar inda guba take nufa, a karanta wa hakimai da limamai sakamakonta da Hausa.