Gwamna ba shi da hurumin rufe gidan rediyo

A daminar 2025 Gwamna Umar Bago na jihar Neja ya ba da umarnin a rufe gidan rediyon Badeggi FM da ke Minna, yana zarginsa da tunzura jama'a. Ba a jima ba ma'aikatan hukumar raya birane suka je suka shafa wa ginin fenti, alamar rusau. Ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, wanda shi ma ɗan jihar ne, ya fito ya ce hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, kaɗai ke da ikon dakatar da lasisin gidan rediyo. Gaskiya ya faɗa, kuma abin takaici ne a ce sai an tuna wa gwamna wannan.

Mu mutanen Lafia wannan labari ba baƙonmu ba ne. A ranar 20 ga Mayun 2017, zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, aka kawo katafila aka rushe ginin Breeze FM. Gwamnati ta ce an saɓa ƙa'idar gini. Mai gidan, Dokta Nawani Aboki, ya ce laifinsu shi ne ba ma'aikatan da ke yajin aiki damar faɗin kukansu. Tashar ba ta ma daɗe da fara aiki ba. Idan takardar gini ce matsalar, akwai tara, akwai wa'adi, akwai kotu. Me ya kawo gaggawar rushe ɗakin watsa shiri alhali ana tsakiyar rigimar albashi? Ruwa ba ya tsami banza.

Tun daga nan abin ya zama ɗabi'a. A Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta rufe NTA Gusau da Pride FM da wasu tashoshi saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. Jam'iyyun sun bambanta, halin ɗaya ne: duk wanda ya hau kujera sai kunnensa ya daina jure muryar da ba ta yabonsa.

To amma ita NBC ɗin da ake cewa a bar mata aikin, wa take yi wa aiki? An kafa ta a 1992 da dokar soja, kuma har yau shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanninta. A Agustan 2020 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A Agustan 2022 aka ci Trust TV tarar miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, wato kan bala'in da mutanen Zamfara da Katsina ke kwana da shi suke tashi da shi. Hukumar ce ke kai ƙara, ita ke yanke hukunci, ita ke karɓar kuɗin. Shi ya sa a ranar 10 ga Mayun 2023 Mai shari'a James Omotosho na babbar kotun tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ya ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara. Wannan hukunci ya yi mini daidai ɗari bisa ɗari.

Na san abin da wasu za su ce, cewa akwai masu shiga rediyo su zagi iyayen mutane, su ƙaga ƙarya don an ba su na goro. Akwai su, kuma a jiha irin tamu mai yaruka da addinai daban-daban, kalma ɗaya na iya tayar da ƙura. Amma dokar ɓata suna tana nan. Wanda aka yi wa ƙazafi ya je gaban alƙali, a hukunta wanda ya yi furucin.

Abin da ya fi damuna shi ne mai sauraro. Ka je Doma ko Awe ko Keana da safe, ka ga manomi ya rataya 'yar rediyonsa a reshen mangwaro yana sharar gona. Ba ya sayen jarida, kuɗin data ya fi ƙarfinsa. Ta wannan akwati yake jin farashin taki, yake jin inda aka yi rikici kada ya bi hanyar, kuma in ya samu kati ya buga waya ya ce rijiyar burtsatsen ƙauyensu ta lalace tun bara. Ranar da aka rufe tasha, shi aka toshe wa baki. Sauran tashoshin ma, ko ba a taɓa su ba, sai su shiga tauna magana, domin kowa ya ga abin da ya sami ɗan'uwansa.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma gwamnan jiharmu Abdullahi Sule zai kammala wa'adinsa na biyu. Masu neman kujerarsa za su yi ta zarya a tashoshin NBS da Precious FM da tashoshi masu zaman kansu. Ina roƙon 'yan'uwana masu gabatar da shiri, duk ɗan takarar da ya zauna a gabanku ku tambaye shi kai tsaye, jama'a na ji: in ka ci, za ka taɓa aika 'yan sanda ko katafila gidan rediyo? Ku naɗi amsarsa, ku adana ta. Sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu kuma, su tsaya a gyara dokar NBC, a cire naɗin shugabanninta daga hannun mutum ɗaya, a bar wa kotu yanke hukunci.