Kada Mu Yi wa Rafi Shaidar Zur

Bara, lokacin da muka fita koyon aikin malanta, na raba yara kashi biyu, na tura su rafin bayan gari su dubo irin ƙwarin da ke cikinsa. Kashi na fari suka komo da jajayen tsutsotsi, suka ce ruwa ya ɓaci. Na biyu suka kawo ƙwari masu jela uku, suka ce ruwa garau yake. Gardama ta kaure. Da na bincika, sai na ga laifina ne, don ban faɗa musu inda za su ɗiba ba. Waɗancan sun tsaya a mashayar shanu, waɗannan kuwa kan tsakuwa inda ruwa ke gudu.

To, jama'a, a ganina fasalin ɗiba shi ya kamata a fara koya mana tun kafin sunayen ƙwari. Mai sayen hatsi ba ya yarda da na bakin buhu, sai ya zura hannu har ciki. Haka rafi yake. Ƙwaron nan mai jela uku ba ya jure ƙazamin ruwa, amma jar tsutsa tana rayuwa cikin taɓo inda iska ta ƙaranta. Wanda ya duba wuri guda ya yanke hukunci, ya yi wa rafi shaidar zur.

Ga abin da nake roƙo mu riƙa yi. Da fari a raba rafin bisa kamanninsa, watau wurin gudu, da gurbi, da bakin ciyawa. A auna kowane da igiya, a sa lambobi, a jefa ƙuri'a, inda ta faɗa nan za a ɗiba, ko da wurin da wuyar shiga. Na biyu, aikin ya zama daidai ko'ina. A Ingila sukan kafa raga a ƙasan ruwa, su yi ta burkuta tsakuwa da ƙafa minti 3 cif. Tun 1937 wani Ba'amurke, Surber, ya fito da firam mai tsawon ƙafa 1 da faɗin ƙafa 1, don kowa ya tone fili iri ɗaya. Mu ma kafinta zai yi mana, da ƙyallen gidan sauro. Na uku, a faro daga gangare a hau sama, don kada laka ta ɓata inda ba a taɓa ba. Na huɗu, a koma da rani da damina, a rubuta rana da wuri da zurfi.

Wani zai ce wannan wahala ce don wasan yara. Ba wasa ba ne. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta fi son kwantaccen ruwa mai ciyawa, tsutsar baƙin ƙudan da ke jawo makanta kuwa sai kan duwatsu cikin ruwa mai gudu. Malamin da ya duba ɗaya ya bar ɗaya, yana iya gaya wa mutanen gari lafiya lau, alhali cuta tana nan. Saboda haka ma kada yaro ya shiga ruwa sai da dogon takalmin roba.

Gobe mu ne malaman ƙauyuka, abin da muka faɗa kuwa shi za a kama. Allah ya sa mu faɗi gaskiya, amin.