Sharhi: Bashin barcin da matasa ke ci, jiki ne ke biyansa

Ƙarfe ɗaya na dare a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, fada ba ta watse ba. Butar shayi na kan gawayi, an sha na farko ana jiran na biyu, kowa ya duƙufa kan salula. Wajen ƙarfe biyar za a kira assalatu. Kafin takwas wani zai kasance a aji, wani a kan kabu-kabu, wani a bakin shago. In aka yi lissafi, awa huɗu ke nan na barci, wani lokacin ma ba su cika ba, kuma gobe haka za a sake.

Ba a ɗauki wannan a matsayin matsala ba. Mai yawan barci shi ake kira rago, wanda ya kwana ido biyu kuwa jarumi ne mai neman na kansa. Amma abin da binciken likitoci ya tara cikin shekaru saba'in da suka wuce ya nuna cewa ƙarancin barci batu ne na kiwon lafiyar jama'a, kamar gishiri da sukari da taba. A ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, bai kamata ma'aikatar kiwon lafiya, da kamfanonin sufuri, da iyaye su ci gaba da kallon abin a matsayin sha'anin kowa da gadonsa ba.

Da daɗewa an zaci ƙwaƙwalwa kashe kanta take yi idan mutum ya kwanta. A 1953 ne Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na jami'ar Chicago a Amurka suka gano cewa akwai lokacin da idanun mai barci ke motsi da sauri ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwa kuma na aiki kamar ta wanda ke farke. Shi ne matakin da ake kira REM, inda akasarin mafarki ke faruwa. Barcin dare zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida. Barci mai nauyi, wanda jiki ke gyara tsoka da sakin sinadarin girma a cikinsa, ya fi yawa a farkon dare. Na mafarki, wanda ke da alaƙa da daidaita tunani da halin zuciya, ya fi yawa gab da asuba. Don haka wanda ya yanke darensa bai rage barci kawai ba, ya zubar da wani nau'insa ne kusan gaba ɗaya.

Abubuwa biyu ne ke jan mutum zuwa shimfiɗa. Na farko agogo ne a cikin ƙwaƙwalwa, wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 da ke karɓar labarin haske daga ido. Idan duhu ya yi, sai a saki sinadarin melatonin, jiki ya san dare ya yi. Gano ƙwayoyin halittar da ke juya wannan agogo ne ya sa Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young suka samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Na biyu shi ne sinadarin adenosin, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga farkawa, yana ƙaruwa har idanu su yi nauyi.

A nan ne shayi ke shigowa. Kafeyin da ke cikin ganyen shayi, da kofi, da goro, da lemukan ƙara kuzari, ba ya kawar da adenosin. Toshe wurin da yake kamawa kawai yake yi, gajiyar na nan a ɓoye tana jira. Kuma jiki na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin kafeyin da aka sha. Kofin farko na ƙarfe goma sha ɗaya na dare, mai ɗaci da kumfa, rabinsa na nan cikin jini har ƙarfe huɗu na asuba. Akwai masu bugun ƙirji cewa su shayi ba ya hana su barci. Gaskiya ne suna iya yin barcin, sai dai ba mai nauyi ba ne. Ba fada ce abin zargi ba: a birnin da aiki ya yi ƙaranci, a nan ne matashi ke samun labarin aiki, da shawara, da wanda zai ranta masa jika guda. Lokacinta ne ya zarce, salula kuma ta ƙara mata tsawo, domin ko an watse, TikTok da WhatsApp na bin mutum har kan tabarma, haskensu na gaya wa agogon ƙwaƙwalwa cewa da sauran rana.

Awa nawa ake bukata? Ƙungiyoyin masana barci na Amurka sun tsayar da cewa baligi na bukatar awa bakwai ko fiye a kowane dare, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 awa takwas zuwa goma, yaro ɗan 6 zuwa 12 kuma awa tara zuwa sha biyu.

Abin da ke faruwa idan aka gaza haka an auna shi, ba hasashe ba ne. A 1999 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa gwajin da Karine Spiegel da Eve Van Cauter suka yi kan samari 11 masu ƙoshin lafiya, waɗanda aka taƙaita wa barci zuwa awa huɗu na dare shida. Cikin ƙasa da mako guda, saurin da jikinsu ke sauke sukari daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, kamar na wanda ya doshi ciwon suga. A 2004 masu binciken suka sake nuna cewa dare biyu kacal na gajeren barci na rage sinadarin da ke sa a ji an ƙoshi, ya ɗaga wanda ke sa a ji yunwa. A 2015 kuma Aric Prather da abokan aikinsa suka ɗiga wa mutum 164 ƙwayar cutar mura a hanci bayan sun auna barcinsu na mako guda. Waɗanda ke yin ƙasa da awa shida sun fi masu yin sama da awa bakwai kamuwa har ninki huɗu. Bincike da dama a ƙasashe daban-daban sun danganta gajeren barci na shekara da shekaru da hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, cututtukan da yanzu ba su tsaya kan tsofaffi da masu kuɗi kaɗai ba.

Mafi haɗari shi ne mai bashin barci ba ya sanin yana da bashi. A wani gwaji na jami'ar Pennsylvania da aka wallafa a 2003, an bar wasu suna barcin awa shida har tsawon mako biyu. A ƙarshe, natsuwarsu da saurin amsawarsu sun lalace kamar na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai rintsa ba, amma da aka tambaye su sai suka ce gajiyar kaɗan ce. Duk mai cewa "ni na saba" ya dubi wannan sakamakon. Abin da ya saba da shi jin gajiyar ne, ba illarta ba.

Ɗaliban da ke shirin BEPC da BAC su ne suka fi faɗawa wannan tarko. Da jarrabawa ta matso sai a koma kwana ƙarƙashin fitilar titi da kofi, wasu har da ƙwaya. Alhali tun 1924 aka nuna a jami'ar Cornell cewa wanda ya yi barci bayan ya haddace abu ya fi riƙe shi kan wanda ya zauna a farke. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe karatun yini daga ma'ajiyar wucin gadi zuwa ta dindindin. Ɗalibin da ya sayar da barcinsa don ƙarin awa uku na bita, ya cika tulu ne mai huji.

Inda abin ya wuce lafiyar mutum ɗaya ya zama na rayukan jama'a shi ne kan hanya. Daga Yamai zuwa Maradi fiye da kilomita 600 ne, zuwa Damagaram kuma kusan 900, kuma manyan motocin fasinja kan tashi tun kafin asuba. A 1997 masu bincike a Ostiraliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 a farke yana kuskure kamar wanda barasar jininsa ta kai kashi 0.05 cikin 100, iyakar da dokar Faransa ta gindaya wa direba. In ya kai awa 24 sai abin ya ninka. Ma'ana, direban da bai taɓa kusantar giya ba a rayuwarsa na iya zama a bayan sitiyari cikin halin mashayi. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu a gudun kilomita 90 na nufin mota ta shafe mita 100 babu mai tuƙa ta. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama, kuma goro ko tiramadol ba su taɓa korarsa ba, jinkirta shi kawai suke yi zuwa wani kwanar da ba a zata ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta lokacin. A shingayen hanyoyin Nijar ana duba takardun mota, da na direba, da katin fasinja. Ya kamata a ƙara da tambaya guda: yaushe direban nan ya tashi daga barci, kuma ina na biyun da zai karɓe shi? Kamfanin da ke iya sayen mota ta miliyoyin CFA ba zai kasa biyan direba biyu da ɗakin kwana mai fanka a tasha ba.

Sai dai zalunci ne a ɗora laifin duka kan matasa. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana na haura digiri 40, ɗakin siminti mai rufin kwano kuma ya yi ta fitar da abin da ya sha har tsakar dare. Jiki na bukatar zafinsa na ciki ya sauka da kusan digiri ɗaya kafin barci ya kama shi sosai. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya bi barcin mutum 47,000 a ƙasashe 68, ya gano cewa dare mai zafi na rage barci, kuma illar ta fi tsanani kan mazauna ƙasashe matalauta, da tsofaffi, da mata. Waɗanda suka ga watannin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki daga Agustan 2023 ba sa bukatar a karanta musu wannan binciken. Idan wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai a fito tsakar gida, inda sauro ke jira. Don haka maganar barci maganar wuta ce, da ta sange, da ta irin ginin da ake yi. Soron ƙasa na kakanni ya fi bulo da kwano sanyi, abin da masu tsara sabbin unguwanni ba su cika tunawa da shi ba.

Haka kuma 'yan ci-rani. Da yawa daga masu turo kuɗi gida daga Abidjan, Kwatano, Legas, Akara, Aljeriya ko Libiya aikin gadi suke yi, ko wani aikin dare da ɗan gari ya ƙi. Wasu su kwana a bakin ƙofar wani, gari ya waye su shiga talla. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya aikin dare na dogon lokaci cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa kansa, a 2007, ta kuma sake tabbatar da haka a 2019. Ba wanda zai ce wa mai ciyar da gida goma ya ajiye aikinsa. Amma zai iya kare barcinsa na rana kamar yadda yake kare albashinsa: wuri mai duhu, lokaci guda kullum, salula a kashe. 'Yan gida ma na da nasu rabon. Tsakanin Nijar da New York akwai tazarar awa biyar zuwa shida, saboda haka kiran ƙarfe tara na safe daga Tawa don tambayar ko an turo kuɗi yana tashin mutum ne da ƙarfe uku ko huɗu na dare.

Ƙailula, wadda mutanen da suka riƙe, birni kuma ya fara yi wa kallon lalaci, kimiyya ta ba ta gaskiya. Minti 20 zuwa 30 bayan azahar na maido da natsuwa ba tare da ɓata barcin dare ba. Ba ta maye gurbin daren, amma ga wanda ya tashi tun asuba, ko a watan azumi da tsarin barci ke birkicewa, tana rage asarar.

Akwai kuma wanda yake kwanciya da wuri amma ya tashi kamar an yi masa duka. Munshari mai ƙarfi, wanda numfashi ke ɗaukewa a tsakiyarsa sannan mutum ya farka da shaƙewa, ba abin dariyar fada ba ne. Hanyar iska ce ke toshewa, sau da dama cikin awa guda, kuma yana daga cikin abubuwan da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 ne ke da wannan larura a duniya. Matar aure ko abokin ɗaki ne kan fara ganewa. Irin wannan, da wanda ya shafe makonni barci na ƙaurace masa saboda damuwa, wurin likita ya kamata su nufa, ba wurin mai tallar magani a tire ba. Ƙwayoyin sa barci irin su diazepam suna kama jiki, kuma haɗa su da tiramadol na iya tsayar da numfashi.

Ma'aikatar kiwon lafiya ba ta bukatar sabon gini ko tallafin waje kafin ta fara. Ma'aikacin CSI da ke auna hawan jini yana iya ƙara tambayoyi biyu a kan na gishiri da taba: awa nawa kake barci, kuma ana cewa kana munshari? Gidajen rediyon gari da ke faɗakarwa kan zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau na iya ware wa batun minti biyar kafin zafin bana ya kankama. Shugabannin makarantu kuma su gaya wa 'yan ajin jarrabawa tun yanzu cewa a daren jajibirin BAC, ƙarfe goma ya yi a rufe littafi.